Faifan da Baba Kar-a-taɓa Ya Ɓoye wa Ɓarayi

Sunan da duk layin ya san shi da shi Baba Kar-a-taɓa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara da shekaru yana aski a wani ɗan shago kusa da tashar mota: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, bencin masu jiran layi, sai garmaho can saman kanta inda hannun yaro ba ya kai. Duk wanda ya miƙa hannu wajen faya-fayan da ke jere kusa da garmahon, ko da kansa rabi a aske ne, sai ya ji an ce, "Kar a taɓa." Ba tsawa, ba faɗa, ko ɗago kai ba ya yi daga ƙeyar da yake gyarawa. Tun ana yi masa dariya har sunan ya bi shi ya danne na gaskiya.

Mutum ne da bai yarda da kowa ba, kuma ba ya ɓoyewa. In ka gaishe shi da fara'a da yawa, sai ya laluba aljihunsa. In mai shayi ya ƙara masa madara ba tare da ya nema ba, yini zai yi yana tunanin me ake so a wurinsa. Yakan ce shi kawunan mutane ya sha dafawa, ya kuma sha jin abin da ke fita daga bakinsu in sun zauna a kujera sun saki jiki, saboda haka babu mai koya masa halin ɗan Adam. Amma fa hannunsa a aski, sai dai a yi shiru. Shi ya sa ake haƙuri da bakinsa, ana dawowa.

Tun yana saurayi ya fara tara faifai. Da kaset ya shigo mutane suka fara zubar da nasu, shi kuwa ya bi yana tsinta. Wani ya kawo masa a buhu, wani ya same su a bayan gida yara suna gara su a ƙasa kamar taya. Aka yi masa ba'a har aka gaji. Kaset ya wuce, abin da ya gaji kaset shi ma ya wuce, waƙa ta koma cikin waya, shi yana nan da baƙaƙen farantansa. Ba ya ɗora wani kan wani, a tsaye yake jera su don kada su lanƙwashe. Ba ya barin rana ta gan su. Da gefen tafin hannu yake riƙe faifai, yatsa ba ya sauka a kan layukan, kuma da tsohuwar singileti mai laushi yake share su kafin ya ɗora allura. Ya fi kula da su a kan yadda yake kula da haƙoransa, shi ya sa faya-fayan suna nan, haƙoran kuwa sun tafi.

Akwai wata dabara tasa da babu wanda ya sani. Wata rana a shago ya juya baya yana wasa aska, wani kwastoma ya zare faifai guda ya cusa a riga ya fice. Daga ranar Baba ya yanke shawara: babu faifan da zai sake kwana a kwalinsa. Shi kwalin nan mai hoto riga yake ce masa. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sauya musu riguna, mai kyau ya shiga rigar banza, na banza ya shiga riga mai kyau. Ɓarawo dai hoto yake kallo, in ya ɗauka ya kai gida sai ya tarar da shirme. Wane faifai ke cikin wace riga, wannan a kansa kawai yake, bai rubuta ba, bai faɗa wa ko matarsa ba har Allah ya yi mata rasuwa.

A duk tarin nan guda ɗaya ne ransa. Yana da ƙane, Allah ya jiƙansa, wanda ake kira Yatsu saboda yadda yake kaɗa jita. Yatsu ya yi wasa da wata ƙungiyar makaɗa a otal, suka yi sa'a sau ɗaya aka buga musu faifai, kafin shekara ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke shi. Bai bar ɗa ba, bai bar hoto ba, jitar ma ta aro ce. Abin da ya bari shi ne faifan nan. A ƙarshen gefe na biyu, bayan kiɗa ya tsaya, kafin allura ta kai tsakiya, ana jin wani ya ce wani abu can nesa, sai Yatsu ya fashe da dariya. 'Yar gajeriyar dariya ce, ta hanci, irin wadda yake yi tun suna yara in ya ci naman wansa ya ga an gane. Baba ba ya yawan sa faifan, yana tsoron allura ta cinye dariyar. Shekaru da yawa yana ajiye da shi a cikin wata riga mai hoton jirgin ƙasa.

Da gwiwa ta hana shi tsayuwa ya rufe shagon, ya kwaso komai ya zuba a ɗakin baya na gidansa. 'Yarsa Auta da mijinta suna zaune tare da shi, don ta ƙi yarda ya zauna shi kaɗai. Mijin direban motar burodi ne, kowa Direba yake ce masa, mutum mai sanyin magana wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Baba bai taɓa cewa yana son sa ba, Allah ya kiyaye. Amma tun ranar da aka ɗaura auren babu hannun da ya sake taɓa kan Direba sai nasa. Duk Asabar da hantsi zai fito da kujera tsakar gida, ya yafa masa ƙyalle, ya ce, "Zauna, ka zama kamar ɗan daji." Direba ya zauna, ya miƙa wuya, aska tana yawo a maƙogwaronsa yana gyangyaɗi. Auta takan ce a duniya wannan ce kaɗai hirar da ta san suna yi.

Sai duniya ta juyo. Yaran da aka haifa bayan an binne garmaho suka tashi wai faifai suke so, wai sautinsa ya fi ɗumi. Ɗumi. Baba da ya ji ya yi tsaki ya ce wato sai yanzu kunnensu ya buɗe. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Lokacin da ake yi masa dariya hankalinsa kwance yake, don babu mai satar abin da ake yi wa dariya. Yanzu da ya ji an ce ana bin gida-gida ana neman tsofaffin faya-fayai, sai barci ya fara yi masa wuya.

Wata ranar Asabar, ana cikin aski, Direba ya ce, "Baba, akwai wata da nake kai wa burodi, ta buɗe shagon shayi a babban titi, tana sa faifai mutane suna saurare. Na ba ta labarinka, ta ce don Allah tana son ta zo ta gaishe ka."

Askar ta tsaya a gefen kunnensa.

"Ka ba ta labarina. Labarina ko na ɗakina?"

"Gaisuwa ce kawai, Baba."

"Na ji. Gaisuwa."

Washegari tun da safe ya shige ɗakin baya ya turo ƙofa. Tunda har magana ta fita, ya ce a ransa, to tsohon tsari ya tashi aiki, wa ya sani ko an daɗe ana leƙensa. Ya zazzage kantar faya-fayan ya hau sauye-sauye, wannan ya fita nan ya shiga can, na can ya koma wani wuri. Ya yi ta yi har gumi ya jiƙa shi, har shi kansa jiri ya fara ɗibarsa. Yana tura na ƙarshe aka yi sallama a ƙofar gida.

Mai shagon shayin ce, yarinya da ba za ta wuce sa'ar Auta ba, da ƙaton tabarau da ya cinye rabin fuskarta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo masa ganyen shayi a gwangwani. Ladabin ya yi yawa, abin da Baba ya fara lura da shi ke nan. Da aka buɗe mata ɗakin ta tsaya daga bakin ƙofa ta haɗa hannuwanta a baya, ba ta taɓa komai ba. Wannan ma ya lura, ya ce lallai an yi mata bita kafin ta zo. Ta yi tambaya kan allura, kan yadda yake hana faya-fayan lanƙwashewa, yana ba ta amsa da guntun baki. Can ta ce, "Baba, ko akwai waɗanda ba ka buƙata? Ba sai masu kyau ba."

Direba yana tsaye a gefe yana murmushi kamar wanda ya kawo abin arziki. Baba ya dube shi, ya dube ta. Ya ga in bai jefa mata wani abu ba gobe ma za ta dawo. Sai ya bi jerin faya-fayan da ido yana neman rigunan da suka fi muni, ya zaro uku: ɗaya na koyon wani yare, ɗaya na kukan tsuntsaye, ɗaya na motsa jiki mai hoton wani ƙato da singileti ya ɗaga hannu sama. Ya naɗe su a tsohuwar jarida ya miƙa mata.

"Ungo, kyauta. Sauran ba na sayarwa ba ne, ba na aro ba ne, ba na kallo ba ne."

Ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Da ta fita ya yi dariya a cikinsa, ya ce ta je ta yi ta tsalle da mai singileti.

An kwana biyu, ranar rasuwar Yatsu ta zagayo, ranar da Baba ya saba sa faifan. Ya share garmaho, ya duba allura, ya zaro riga mai hoton jirgin ƙasa. Abin da ya fito faifan wasu 'yan makaranta ne suna rera waƙa. Bai damu ba da farko, ya tuna ya yi sauyi. Ya buɗe na kusa da shi, ya buɗe na gaba. Kafin azahar ya zare duk faifan da ke ɗakin daga rigarsa, yana kai tambarin tsakiya kusa da taga yana karantawa. Ya sake bi daga farko. Ya leƙa bayan kanta, ya ɗaga tabarma, ya zura hannu ƙarƙashin akwatin garmaho. Faifan Yatsu ba ya ɗakin.

Ya zauna a ƙasa cikin tarin riguna. Baƙin ciki ya zo, amma bai daɗe shi kaɗai ba, zargi ya biyo shi ya zauna daram. Wa ya kawo baƙuwa? Wa ya san akwai faifan da ya fi sauran? Wa ke kwana da Auta, wadda ke riƙe da ɗayan makullin ɗakin don shara? Yarinyar ba ta taɓa komai ba, ai ba sai ta taɓa ba, tunda tana da mai taɓa mata. Ta zo ne kawai ta ga kaya da idonta.

Bai ce wa kowa uffan ba. Ya koma kallo. Direba ya dawo da sabon agogo, Baba ya tambayi Auta a kaikaice, ta ce gidan burodin ne suka raba wa direbobi. Ya ce, "Uhm." Direba ya fita tsakar gida yana amsa waya da murya ƙasa-ƙasa, Baba ya zo ya wuce da buta sau biyu. Direba ya kawo masa maganin gwiwa ba tare da ya nema ba, Baba ya ajiye bai shafa ba, ya ce wannan hannun da ke ba ka shi ke ɗauka. Asabar ta zo ya yi masa aski kamar kullum, sai dai ba wanda ya yi gyangyaɗi, don yadda tsohon ya riƙe haɓarsa ya fi na da ƙarfi.

Auta ta gane da wani abu. "Baba, lafiya kake kallon mutane haka?"

"Idona ne, in ga dama in kalla."

Sai ya tuna da hodar aski. Yana da ragowar gwangwanaye tun na shago. Duk sanda zai fita sai ya barbaɗa ta siriri a ƙasa daga bakin ƙofar ɗakin zuwa gindin kanta, ya ja da baya ya kulle. In ya dawo ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo ya duba. Wanda ya ɗauki ɗaya zai dawo ya ɗauki biyu, wannan bai da shakka a kai. An yi kwanaki hoda tana kwance lafiya, ƙadangare kawai ya taɓa ratsawa.

Ran nan ya tafi asibiti a duba masa gwiwa, ya tarar likita bai zo ba, ya juyo da wuri. Yana shigowa soro ya ji kamar an ja ƙofa a baya, sai ga Direba ya fito daga lungu yana gyara gaban rigarsa, ya gaishe shi a gurguje ya fice. Baba ya buɗe ɗakin. Ga sawu nan a cikin hoda, taku biyu ciki, taku biyu baya, da zanen ƙasan takalmi ɓaro-ɓaro kamar an buga hatimi. Abin mamaki, daɗi ya ji. Zafi ne, amma da daɗi a ciki, irin na mutumin da ya daɗe yana cewa za a yi kuma aka yi.

Ya bari sai da aka zauna cin abincin yamma. Ya tashi ya ɗauko takalmin Direba daga bakin ƙofa, ya kifa shi a gefen tabarma. Farar hoda tana nan a cikin zanen.

"Wannan na wa?"

"Nawa ne, Baba," in ji Direba.

"Me ya kai shi ɗakina?"

Direba ya ajiye cokali. "Na shiga, Baba."

"Neman me?"

"Ka yi haƙuri, ba zan iya faɗa ba."

Auta ta dubi mijinta, ta dubi ubanta. "Wai me ake ciki ne? Baba, me kake nufi?"

"Faifan baffanki ya ɓace. Abin da nake nufi, na aurar da ke ga ɓarawo, na ajiye shi a gidana, ina yi masa aski kyauta."

Ba wanda ya ɗaga murya. Auta ta jira mijinta ya musa, bai musa ba, bai kuma amsa ba. Ya wanke hannu, ya ɗauki takalminsa ya kakkaɓe a waje. Kafin mako ya fita sun kama ɗaki a wata unguwa can bayan gidan burodin. Auta ta bar masa tukunya da risho, ta ajiye ɗayan makullin a kan taga, ta ce, "Ga shi, Baba, kar a taɓa." Tana kuka ta faɗa, amma ta faɗa.

Gidan ya yi masa faɗi. Ya sayo kwaɗo na biyu ya ƙara a ƙofar ɗakin, ko da yake babu sauran wanda zai kulle wa. Abu ɗaya ya rage masa: ya kama kayan a hannun wadda ta saya, ya kai wa Auta ta gani da idonta. Saboda haka ya fara zuwa babban titi. Akwai mai gyaran takalmi daura da shagon shayin, tsohon kwastomansa, sai ya riƙa zama a bencinsa wai yana shan iska. Daga nan yana hango komai ta gilashi: matasa sun zauna da kofuna sun rufe ido suna kaɗa kai, yarinyar mai tabarau tana ɗora faifai. Ya so ya same ta da laifin riƙo, sai ya ga da gefen hannu take riƙewa. Wannan ma haushi ya ba shi.

Wata la'asar, titi ya ɗan lafa, wani ya fito ya bar ƙofar shagon a buɗe. Sai jitar ta fito. Ko cikin kasuwa Baba zai gane hannun nan, yadda yake jan waya ɗaya ya sake ta kamar mai tsokana. Ya miƙe bai san ya miƙe ba. Ya tsallaka titi ba tare da ya duba mota ba, ya shiga, ya tsaya a gaban garmahonta.

"Ɗaga allurar nan."

Ta ɗaga. Ta gane shi, kuma abin da ya ba shi mamaki, ba ta tsorata ba. Kamar ma sauƙi ta ji.

"Wa ya sayar miki?"

"Baba, zauna tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Wa ya sayar miki da faifan ƙanena?"

Ta sunkuya ƙarƙashin kantar shagon ta ɗauko wani abu ta ajiye a gabansa. Ƙaton nan ne mai singileti, hannu a sama, yana murmushi. "A cikin wannan na same shi. Kai ka ba ni, a naɗe a jarida."

Ya buɗe baki zai ce ƙarya ne. Ya riga ya shirya maganar, cewa sun haɗa baki, sun samo riga sun cusa. Amma hannunsa ya riga bakinsa, ya juya kwalin. A kusurwar baya akwai ɗan yanka na reza, sabo, siriri. Shi ya yi shi. Sai safiyar nan ta dawo masa gaba ɗaya: gumi, jiri, yana tsaye da faifan Yatsu a hannu yana neman rigar da ko mahaukacin ɓarawo ba zai ɗauka ba. Ya ga mai singileti ya ce yauwa. Har ya yi masa alama don kada ya manta. Bayan ɗan lokaci kuma ya tsaya a gaban kanta yana neman rigar da ta fi kowace muni don ya sallami baƙuwa, idonsa ya sake faɗawa kan mai singileti, ya sake cewa yauwa.

Ta jawo masa kujera, wannan karon ya zauna.

"Na daɗe ban buɗe ba," in ji ta, "na ɗauka na motsa jiki ne. Da na buɗe na ga ba shi ba ne, sai na nuna wa Direba. Yana ganin tambarin ya ce wannan na ƙanenka ne, ba ka san ka bayar ba. Na ce to in kawo maka. Ya ce a'a, in aka ce kai ka bayar da hannunka ba za ka yarda ba, in kuma ka yarda abin zai karya ka, don ka fara mantuwa kuma ba ka so a sani. Ya ce in ba shi ya mayar a ɓoye, ka tsince shi kamar dama yana nan."

Baba ya shafa yankan rezar da yatsa, ita kuwa ta ci gaba.

"Ya sa shi a cikin rigar jikinsa ya tafi. Da yamma ya dawo mini da shi. Ya ce ya shiga ɗakin sai ya ga hoda a ƙasa, ya ji motsinka, ya fito bai ajiye ba. Ya ce in adana har ya samu wata hanya. Ko matarsa bai gaya wa ba, wai za ta zo ta faɗa maka a fuska." Ta gyara tabarau. "Laifina ɗaya, ina sa shi wani lokaci in mutane sun ragu. Akwai wata dariya a ƙarshe."

"Na san da ita," ya ce.

Ta goge faifan, ta mayar a rigar mai singileti, ta miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ta karɓa. Ya so ya sami abin zargi a cikin wannan ma, ya duba ya duba, bai samu ba.

A gida ya buɗe kwaɗo biyu, ya taka hodarsa da ƙafarsa ya wuce. Ya ɗora gefe na biyu ya zauna a bakin gado. Kiɗa ya ƙare, aka yi maganar nan can nesa, Yatsu ya yi dariyarsa ta hanci. Shekara da shekaru dariyar nan tana sanyaya masa rai. Ranar kunya ta ba shi, don babu kowa a gidan da za a ce da shi ake sai shi. Ya ɗauko tsintsiya ya share hodar tas.

Ba da haƙuri ba ya cikin abin da ya iya, bai taɓa koya ba. Abin da ya iya shi ne aski. Ya lissafa a ransa, tun tashinsu Asabar ta wuce ba ɗaya ba ba biyu ba, yanzu kan Direba ya zama daji na gaske. Da safiyar Asabar ya wasa aska, ya wanke buroshi, ya ninke ƙyalle, ya zuba komai a tsohuwar jakarsa ta shago. A hanya yana ta maimaita abin da zai ce. Ba zai kawo zancen faifai ba. Zai ce kawai, zauna, ka zama kamar ɗan daji. In yaron ya zauna ya miƙa wuya, shi ke nan, an gama magana.

Ya yi tambaya har aka nuna masa ɗakin. Ya yi sallama. Direba ne ya buɗe, ya ɗan yi turus, sannan ya rusuna kamar yadda ya saba.

"Baba, sannu da zuwa. Ya gwiwar? Shigo daga ciki."

Da ya rusuna ne Baba ya ga kan. An aske shi tas, bai fi kwana ɗaya ba. Layin gaban goshi ya ɗan karkace hagu, an kuma ci ƙeya sama fiye da kima, aikin yaran nan masu sauri. Amma aski ne, an yi shi, wani ya yi.

Auta ta leƙo daga bayan mijinta, idonta ya sauka kan jakar. "Baba, me ka kawo?"

Ya mayar da jakar bayansa, ya riƙe da hannu biyu.

"Ba komai," ya ce. "Wucewa nake yi."